Wa ke da alhakin gawa a filin ƙwallo, mai turawa ko mai riƙe da ƙofa?

Bashir: Jama'a, ga wani hoto na tono. Wasan Najeriya da Masar a filin Ahmadu Bello, 25 ga Maris 2016. Ku dubi mutane har kan ƙarfen fitilu, wasu kan allon maki. Etebo ya ci wa Najeriya, Salah na Masar ya farke ana dab da tashi, amma dai ranar duniya ta san Kaduna garin ƙwallo ce.

Alhaji Garba: Kai ka ga abin alfahari, ni na ga rashin hankali. Wa ya aiki mutum ya hau ƙarfen fitila? Da ya faɗo sai a ce hukuma ce ta kashe shi. Ni maganata guda ce, kuma ba na janye ta: duk inda aka mutu a filin ƙwallo, 'yan kallo ne suka kashe junansu. Ba sa bin layi, ba sa jin "ku tsaya". Ɗan sanda bai tura kowa ba.

Nura: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da ja. Ranar Juma'a ce, kuma hutun Ista ake yi, ga shi an sanar cewa shiga kyauta ce. An ƙiyasta mutum 40,000 suka shiga. Filin kuwa wasu rahotanni sun ce 16,000 yake ɗauka, wasu suka ce 25,000. Kowanne ka ɗauka, an zarce. Yaron da ya taso daga Rigasa ko Kawo bai san mutum nawa ne a ciki ba, shi dai ya ga ƙofa a buɗe. Wanda ya kamata ya ƙirga shi ne mai ƙofar.

Alhaji Garba: To an mutu ne?

Nura: Allah ya tsare. Shi ya sa abin ya ƙare a tarar dala 5,000 da hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ci Najeriya.

Bashir: Dala 5,000? Ai ko kuɗin takalman 'yan wasan bai kai ba.

Baba Sajan: Ku yara kuna da daɗin baki, ba ku taɓa tsayawa a ƙofa da kaki ba. A ba ka mutum takwas a ce ka tare dubbai. Ka rufe, su jefe ka da duwatsu. Ka buɗe, gobe jarida ta ce kai ka jawo. Umarni daga sama yake zuwa, amma in abu ya ɓaci ƙaramin da ke bakin ƙofa ake nunawa. Alhaji bai yi ƙarya ba, jama'armu ba ta jin magana.

Nura: Baba Sajan, wannan da ka faɗa ai tawa ce, ba ta Alhaji ba. Wanda ya ba ka mutum takwas shi nake nema, ba kai ba.

Ku ba ni dama in kawo na Ingila, don a can ne aka bi maganar har gindinta. Ranar 15 ga Afrilu 1989, Liverpool da Nottingham Forest, wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Hillsborough da ke Sheffield. Magoya bayan Liverpool sama da 10,000 masu tikitin tsayuwa aka bar wa mashigai bakwai kacal. Jama'a ta cushe a waje. Babban ɗan sandan da ke kula da wasan, David Duckenfield, ya ce a buɗe wata babbar ƙofar fita don a rage matsin. Mutum wajen 2,000 suka kwararo, suka bi wata hanya ta ƙarƙashin bene da ke kaiwa kai tsaye cikin ɓangarori biyu na bayan raga waɗanda tuni sun cika, gabansu kuma shingen ƙarfe ne. Babu wanda ya tuna ya toshe wannan hanyar ya karkatar da su gefe. Mutum 96 suka mutu, wani da ya yi shekara 32 yana jinya ya cika a 2021, suka zama 97.

Tun gawarwaki na kwance aka fara cewa 'yan kallo ne suka ɓalle ƙofar. Jaridar The Sun ta buga cewa a buge suke, har suna lalube aljihun matattu. Irin maganar Baba Alhaji ce, sai dai tasu da ƙarya a ciki. A 1989 rahoton farko na Mai Shari'a Taylor ya ce babban dalili shi ne gazawar 'yan sanda. A 2012 wani kwamiti ya gano an gyara bayanan 'yan sanda 164, an goge abin da ke sukar hukuma a cikin 116. Firaminista David Cameron ya ba da haƙuri a majalisa. A 2015 Duckenfield da bakinsa ya amsa cewa ƙarya ya yi kan ƙofar. A 2016 aka yanke cewa kisan ba bisa ƙa'ida ba ne, kuma 'yan kallo ba su da hannu. Shekara 27 iyayen yaran nan suna jin ana cewa 'ya'yansu ne suka kashe kansu.

Bashir: Ɗan Liverpool ya samu filin wa'azi. To ka faɗa mana na filin Heysel mana. 1985, Beljiyam, wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus. Naku ne suka far wa mutane, bango ya rushe, 39 suka mutu. Shi ma ɗan sanda ne?

Nura: Ba zan kare shi ba. An samu magoya bayan Liverpool 14 da laifin kisa, kuma sun cancanta. Amma kotun ba ta tsaya a kansu ba, ta kama wani jami'in tsaro da babban jami'in hukumar ƙwallon Beljiyam, don filin ya tsufa yana marmashewa, kuma an ajiye abokan gaba kusa da juna da ɗan siririn shinge.

Alhaji Garba: Yauwa. Ashe dai ana samun laifin 'yan kallo.

Nura: Ana samu, Baba. "Duk" ɗin da ka sa a gaba ce ban yarda da ita ba.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni aikin jinya na sani ba ƙwallo ba. Yaya Alhaji, kana maganar kamar kowa a cikin cunkoso yana da zaɓi. Akwai matakin da in jama'a ta kai, ƙafarka ba taka ba ce. Yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu ba tattake su ake yi ba, a tsaye suke cikawa. Ƙirji ke matsewa, mutum ya fitar da numfashi ya kasa jawo wani, cikin 'yan mintoci ya suma. Na bayansa da kake cewa ya tura shi, shi ma turo shi aka yi. Na can ƙarshen layi kuwa bai ma san ana mutuwa a gaba ba, shi dai ya ga ana matsawa sai ya matsa. To a cikinsu wa za ka kama? Mai iya ganin gaba da baya a lokaci guda shi ne wanda ke sama da rediyo a hannu, da wanda ya san adadin tikitin da aka buga.

Baba Sajan: Hajiya, in yara suka fara cire kujeru suna jifa fa? A tsaya ana kallonsu?

Hajiya Binta: Kujera ake saya a kasuwa, Baba.

Koci Danladi: Bari in amsa wa Baba Sajan da na maƙwabta. Akra ta Gana, 9 ga Mayu 2001, Hearts of Oak da Asante Kotoko. Hearts ta ci 2-1 a ƙarshen wasa, 'yan Kotoko suka fara jifa da kujeru da robobi. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Kowa ya nufi matakala, ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka mutu. Masu jifan ba su kai ko kusa da wannan adadin da kujerunsu ba, hayaƙin da kwaɗon ƙofa ne suka yi aikin. An gurfanar da jami'an 'yan sanda shida, kotu ta sallame su duka.

Shekara 21 bayan nan aka maimaita a Malang ta Indunusiya, 1 ga Oktoba 2022. Arema ta sha kashi 3-2 a gida hannun Persebaya. Ku lura, ranar ba a ma bar magoya bayan baƙi sun zo ba, balle a ce faɗan ɓangare biyu ne. Wasu suka diro cikin fili, aka harba hayaƙi har kan benaye inda mata da yara ke zaune, 135 suka mutu. Dokar tsaron filaye ta FIFA, sashe na 19, ta hana shiga da bindiga ko hayaƙin tarwatsa jama'a bakin fili. A titi mai gudu yana da inda zai nufa. A fili ƙofa ce kawai.

Baba Sajan: Wannan kam na yarda, hayaƙi a rufaffen wuri ganganci ne. Amma ku sani kurtu ba ya harbawa sai an ce masa harba.

Alhaji Garba: Ni dai na san wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi. Wannan tone-tonen ba ya dawo da kowa.

Malam Isiyaku: Alhaji, a nan zan tsaya maka. Ajali gaskiya ne, babu musulmin da ke ja. Amma Ubangijin da ya rubuta ajalin shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda ya ɗora diyya da kaffara kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Kuskure fa, ba ganganci ba. Da faɗin "kwana ya ƙare" yana rufe magana, da ba a wajabta diyya ba. Mu ne muka mayar da ƙaddara bargon da manya ke lulluɓa da shi. A je ta'aziyya da buhun shinkafa, a ɗauki hoto, a kafa kwamiti, shi ke nan.

Bashir: Malam ya shigo da ƙarfinsa.

Malam Isiyaku: Ba wasa nake ba, Bashir. Ku tuna ɗaukar aikin shige da fice na 15 ga Maris 2014. Ba ƙwallo ba ce, amma a filayen wasa aka tara masu neman aiki, har da babban filin Abuja, bayan an karɓi naira 1,000 a hannun kowannensu. Aka mutu a bakin ƙofa. Su ma za mu ce rashin bin layi ne? Wanda ya karɓi kuɗin ya san adadinsu tun kafin ranar.

Alhaji Garba: Wancan daban ne, Malam, yunwa ce ta kai su. Amma na Abuja a 2022 fa, da Gana ta hana mu zuwa gasar duniya? Wa ya sa yaran nan suka diro suna farfasa kaya? Har FIFA ta ci mu tara, aka ce mu buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. Kada ku mayar da su waliyyai.

Koci Danladi: Babu mai mayar da su waliyyai, ranka ya daɗe. Wanda ya fasa kaya a kama shi, yanzu ko'ina akwai waya mai ɗaukar hoto. Amma mai shirya wasa dole ya sa a ransa cewa za a yi rashin nasara, za a yi fushi, wani zai yi hauka. Shirin da ba ya aiki sai kowa ya zama mutumin kirki ba shiri ba ne.

Kuma ku daina hangen manyan wasanni kawai. Ni da ke yawo da yara gasar unguwanni da ta jihohi, abin da nake gani ya fi ba ni tsoro. Fili mai ƙofa shida, a buɗe ɗaya don kada kuɗin shiga ya zurare, sauran biyar da sarƙa da kwaɗo. Na taɓa tambayar mabuɗin a wani fili da ba zan ambata ba, aka ce mai riƙe da shi ya tafi cin abinci. Motar asibiti tana nan a fake don sharaɗi ne, ka leƙa ciki babu ko iskar numfashi. A Yawunde ma, gasar Afirka da aka buga a 2022, sabon fili fil na Olembe, mutum takwas suka mutu a bakin shiga ranar wasan Kamaru da Komoros, kuma shugaban CAF Patrice Motsepe da kansa ya tambayi wanda ya rufe ƙofar da ya kamata ta kasance a buɗe.

Hajiya Binta: Ya samu amsa?

Nura: Anti, ko a Ingila da suka tono gaskiya hukuncin bai taka kara ya karya ba. An wanke Duckenfield a 2019. Mutum guda aka samu da laifi, sakataren kulob ɗin da ke da filin, tarar fam 6,500 kan batun mashigai. Abin da iyalan suka samu shi ne an cire shingayen ƙarfe, manyan filaye suka koma na kujeru, kowane tikiti da lambar mazauninsa, kuma an wanke sunan 'ya'yansu.

Alhaji Garba: To ka gani. Shekara talatin ana shari'a an tashi a tutar babu. Ni zan rage maka: batun kulle ƙofar fita da harba hayaƙi, na bar muku, wannan alhakin hukuma ne. Amma shiga kyauta ba laifi ba ne. Talaka ma yana da haƙƙin ya ga ɗan wasa irin Mikel Obi da idonsa sau ɗaya a rayuwarsa.

Koci Danladi: A ba shi kyauta, Alhaji, amma da tikiti a hannu. A buga daidai kujerun, a raba tun ana saura kwana biyu a Tudun Wada, Kawo, Barnawa, Sabon Tasha, a faɗa a rediyo cewa marar tikiti ya zauna gida. A sa shinge tun daga titi, ba a jikin ƙofa ba. Sauran a kafa musu majigi a Dandalin Murtala.

Baba Sajan: Ka raba tikiti kyauta a garin nan? Kafin la'asar yana hannun 'yan bumburutu ana sayar da shi dubu biyu, rabi kuma an kai gidajen manya.

Koci Danladi: Su sayar, Baba. Ko nawa suka sayar, adadin takardun bai ƙaru ba.

Baba Sajan: Sai wani ya zo da jiniya da mutum arba'in a bayansa, babu mai tikiti ko ɗaya. Kai za ka tare shi, Koci, ko ni?