Jar laimar kwaɗi a dajin gabaruwa: launi ne ke nuna dafi?

Ɗan Mai Wurno, ƙasar Sudan: Salamu alaikum. Yara sun je itace dajin gabaruwa na bakin kogi, sun dawo da wata laimar kwaɗi ja wur da suka ɓamɓaro daga ruɓaɓɓen kututture. Ba ta da ƙafa, ƙasanta ƙananan huji ne, ga tauri kamar busasshiyar fata. Na sa sun zubar. Abin da muka tashi muka ji shi ne, mai launi dafi ce, fara kuwa abinci.

Kawu daga Gadarif: Gaskiyarka, ɗana. Farar da ke fitowa kan suri da damina tun muna yara muke ci, ga mu da ranmu.

Malamar jinya, Damazin: Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan ban yarda ba. Ta kan suri, wadda masana ke kira Termitomyces, ana cin ta, amma ba farinta ne ya wanke ta ba. Gara ce ke noma ta, shi ya sa saiwarta ke nitsewa har cikin surin. Wadda ta fi kashe mutane a duniya, Amanita phalloides, ba ja ba ce, fari-fari ce mai ɗan kore. Dafuwa ba ta karya dafinta. Mutum zai ci ya yi awa 6 zuwa 24 garau, sai amai da zawo, sannan ya ji kamar ya warke, alhali hanta na lalacewa.

Ɗalibin gandun daji, Sinnar: Yadda ka kwatanta ta, Yaya, ta yi kama da Pycnoporus sanguineus, mai cin mataccen itace. Ko tauna ta ba ta yiwuwa. Kuma a Zambiya da Tanzaniya har kasuwa ake kai wasu ja da rawaya, dangin Cantharellus, ana miya da su.

Kawu daga Gadarif: To ai ana dubawa. In tsutsa ta ci, mutum ma zai ci.

Malamar jinya, Damazin: Wallahi Kawu wannan maganar ce ke tsorata ni. Tsutsa da dodon koɗi suna cin mai dafin su zauna lafiya. Akwai kuma wata babbar fara da ke fitowa cikin ciyawa, in ta tsufa layukan ƙasanta su koma kore, tana kwantar da gida guda da amai. A wannan halin da asibiti ya yi wa mutane nisa, don Allah kada a gwada da yara.

Kawu daga Gadarif: Ta suri dai ba zan bari ba, 'yata. Sai dai ni zan riƙa tono ta da hannuna, in ga saiwar.

Ɗan Mai Wurno: Kawu, in ka zo sai ka nuna mana a bakin surin.