Yayana ya daina magana, yanzu kuma yana bin mutane neman gafara

Ɗan Taura:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema akan yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Muna wani ƙauye ne a ƙasar Taura, manomi ne, shekararsa 38, mata ɗaya 'ya'ya biyar. Tun ambaliyar 2022 da ruwa ya cinye mai shinkafa kaf, ga bashin taki da na injin ban ruwa a kansa, gsky bai koma daidai ba amma yana ta lallaɓawa, sai bara Baba ya rasu nauyin gidan gaba ɗaya ya dawo wuyansa. Yanzu wata uku kenan abin ya ƙazanta. Mutumin da in yana majalisa ba a jin muryar kowa sai tasa, yanzu sai ya wuni a zaure ya zuba tagumi, tuwo loma biyu ya ture kwano, duk ya rame, matarsa tace ƙarfe ukun dare yake farkawa ya zauna har assalatu. Munje kemis an bashi maganin maleriya da na taifot da na ƙarin jini, shiru kake ji. Abinda ya ɗaga min hankali satin nan ya bi maƙota gida gida yana neman gafara, ya bani wayarsa wai in riƙe, jiya kuma yace min "ka kula da yaran nan, ni kaya na zame muku." Inna tace sammu ne. Wai meye wannan, kuma ina zamu dosa?

Baban Sadiya:
Wslm. Yaro ka ji maganar mahaifiyarka. Mutum lafiyarsa ƙalau rana tsaka ya koma haka, ai da walakin goro a miya. Ku nemi malami na Allah yayi masa ruƙiya, a dage da azkar safe da yamma. Kuma a tuna masa da tawakkali, ba shi kaɗai ruwa ya ci wa gona ba.

Malamin Asibiti Ringim:
Ɗan uwa ka karanta wannan yanzu, kada ka bari sai gobe. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibiti, ba likitan ƙwaƙwalwa ba, amma abinda ka lissafa alamun ciwon damuwa ne mai tsanani, wanda ake cewa difireshan. In mutum ya haura sati biyu kullum zuciya a ƙuntace, abinda yake so da yanzu baya burge shi, bacci da cin abinci sun lalace, yana ganin kansa ba shi da amfani, toh ya wuce ɓacin rai na yau da kullum. Asara da bashi da mutuwar uba a jere su ne irin abubuwan dake tada shi, musamman ga babban ɗa da ya saba a zo wajensa da matsala shi kuma ba shi da wanda zai kai wa tasa, tunanin sai ya dinga juyawa waje ɗaya, na gaza, na kunyata gida, ba mafita. Wani kuma akwai gado a ciki.

Amma neman gafarar nan da bada waya da "ku kula da yara" su suka fi damuna, haka masu tunanin kashe kansu suke sallama. Yau ɗin nan ka kwashe duk maganin feshi na gona da na ƙwari da na ɓera da ragowar ƙwayoyin kemis daga gidan, ka kai gidan wani a kulle. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari ne, yawanci a karkara irin tamu, don abin yana nan a bayan ƙofa. Shi wannan tunanin zuwa yake kamar hadari, ya taso ya lafa, in lokacin da ya taso babu komai kusa sau da yawa mutum ya tsira. Kada a barshi shi kaɗai, dare ko rana. Sannan ka zauna dashi ku biyu ka tambaye shi kai tsaye, Yaya kana tunanin kashe kanka? Tambayar bata sa wa mutum tunanin da babu, a'a, sauƙi ma yake ji an buɗe mai ƙofa. In ya amsa banda faɗa, banda wa'azin wuta, ka saurara kawai.

Gobe ku kama hanya, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano. Tambaya ɗaya, ya taɓa yin akasin haka, wato kwanaki baya bacci kuma baya gajiya, surutu ba birki, kashe kuɗi ba lissafi?

Maman Khairat:
Wlh ina karantawa hawaye na zuba don ni na shiga. Bayan haihuwata ta uku, ana wankan jego ana kunun kanwa kowa na murna ni kuwa ko kallon jaririyar bana son yi, in shiga bayi in yi ta kuka ba dalili, har arba'in ta wuce ban dawo ba. Uwar mijina tace iska ce, anyi hayaƙi anyi rubutu kusan wata huɗu. Da yayata tace Dawanau sai da gidan ya ɗau zafi, wai za a ce sun auro mahaukaciya, mu da muke ƙasar Dawakin Tofa asibitin a bakin hancinmu amma kunya ta hana. Da mukaje ashe layi ne na mutane irina da kai, malaman makaranta, 'yan kasuwa, ba wanda aka ɗaure ni dai, likita ta zauna ta saurare ni ta rubuta magani na dawo gida ranar. Abinda zan gaya maka maganin baya aiki nan take, nayi sati uku kafin na fara jin kamar an ɗauke min dutse a ƙirji, kuma ko da na warke sai da tace in ci gaba wata shida. Mutanenmu da sun ji sauƙi sai su yar, abin ya dawo ace asibiti bai iya ba.

Abu Hafsa:
Baban Sadiya da girmanka, ina ganin kalmar tawakkali ɗin nan kar a faɗa masa yanzu, mutumin da yake ganin ya gaza in kace imaninsa ma da saura ka ƙara mai kaya ne. Annabi Yaƙub AS baƙin cikin rabuwa da Yusuf sai da idanunsa suka yi fari, yana cikin Alƙur'ani, waye zai ce ba shi da tawakkali? Kuma hadisi ya tabbata Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ayi ruƙiya a gida da ayoyin da aka sani, ba mai hanawa, a kuma tafi asibiti, ba kishiyoyi bane. Wanda zan ce a guda shine gidan da ake sa wa mara lafiya mari ana duka wai ana fitar da aljani.

Ɗan Taura:
Ngd sosai Allah ya saka. Na kwashe jarkokin feshi na kai gidan Kawu. Bayan isha na tambaye shi kamar yadda kace Malam, yayi shiru can sai ya fashe da kuka yace tun kafin sallah abin ke zuwar masa, tunanin Inna ne ke hana shi. A ɗakinsa na kwana. Akan tambayarka kuwa eh, da ka faɗa na tuna, shekarar da yayi aure ya taɓa kusan sati biyu baya bacci, ya saida shanun huɗa guda biyu wai zai buɗe kamfanin casar shinkafa, yana ta rabon kuɗi a kasuwa, mu lokacin dariya muka dinga yi. Wani abokina yace in siyo amitriptilin, wani maganin damuwa, a kemis kafin mu samu kuɗin mota, ya kake gani?

Malamin Asibiti Ringim:
Kar ka siyo. Labarin shanun nan ka faɗa wa likita shi tun kafin ya tambaya, don yana iya zama baifola, ciwon da yanayi ke hawa sama ya kuma faɗo ƙasa, kuma maganinsa daban ne, irinsu litiyam da ake bi da gwajin jini. Mai baifola in aka bashi maganin damuwa shi kaɗai yana iya juyawa ya koma wancan halin na rashin bacci da ɓarnar kuɗi, sannan amitriptilin kansa haɗari ne a ajiye shi kusa da mai irin wannan tunanin. Duk abinda aka rubuta a hannunka ko na matarsa zai zauna, ku dinga bashi na rana ɗaya ɗaya. Kuma in ya fara samun ƙarfin jiki kada ku saki jiki, makonnin farko ɗin nan sai an fi sa ido. Kuɗin mota ka faɗa wa Kawu yau, ko akuya ce a kai kasuwa, ku fita da sassafe don ku samu kati da wuri, ku tafi da matarsa tunda ita ta san darensa.