Ƙafar ɗana ta kumbura bayan ya ji rauni: ciwon ne ya ɓaci ko hanyar warkewa ce?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba sanin harkar lafiya a cikinmu. Ɗana mai shekara 11 ya faɗo daga kan keke shekaranjiya da yamma, wani ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri, amma yankan bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Na danne wurin da ƙyalle mai tsabta har jinin ya tsaya, sannan na wanke na ɗaure. To, tun jiya gefen raunin ya kumbura, yana da ɗumi idan an taɓa, fatar ta yi sheƙi, yaron kuma yana ɗingishi. Na auna zafin jikinsa da safe na samu 37.2, yana cin abinci, yana hirarsa. Akwai ragowar antibayotik da aka rubuta mini a bara. Shin in fara ba shi, ko in saurara? Kuma ta yaya uwa za ta bambance raunin da ke warkewa da wanda ƙwayoyin cuta suka kama?

Wani magidanci:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. A nawa ganin, tunda wurin ya kumbura har ya yi zafi, ai cuta ta riga ta shiga. Da ni ne, da na fara ba shi maganin tun kafin abin ya yi nisa.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Sannu da jinya, Maman yaro. Malam, ka gafarce ni, ban goyi bayan wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalili. Kumburi da ɗumi da zafi a kwanakin farko ba su isa shaida a kan cewa ƙwayoyin cuta sun yi galaba ba, domin ko yankan da likita ya yi a ɗakin tiyata da wuƙa mai tsabta sai ya nuna waɗannan alamu. Aikin jiki ne da kansa.

Da zarar fata ta tsage, jijiyoyin jinin wurin sukan tsuke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini masu danƙo su taru su toshe ɓarakar, sannan wani sinadari mai kama da zare, wanda ake kira fibirin, ya saƙa raga a kansu har jinin ya daskare. Wannan ne kika gani lokacin da jinin ya tsaya cikin 'yan mintoci. Bayan haka sai al'amarin ya juya. Ƙwayoyin halittar da ke wurin su saki sinadarai irin su histamin, jijiyoyin da suka tsuke ɗazu su buɗe fiye da da, jini ya kwararo da yawa, shi ya sa wurin yake yin ja da ɗumi. Bangon jijiyoyin kuma ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin tsoka, wurin ya kumbura. Ta wannan ƙofa ce fararen ƙwayoyin jini suke fitowa. Rukunin farko yana isowa cikin sa'o'i kaɗan ya far wa duk wata ƙwayar cuta, rukuni na biyu kuma, manyan masu haɗiya, sukan yi yawa a kwana na biyu zuwa na uku su share gawarwaki da datti, su kuma kira masu gina sabon nama. Shi kansa zafin yana da amfaninsa, don shi ne ya hana yaron taka ƙafar yadda ya ga dama.

Saboda haka abin lura shi ne inda alamun suka dosa. Ki ɗauki biro ki zagaye iyakar kumburin a kan fata yau, gobe ki duba. Idan yana ja da baya, jiki ne ke aikinsa. Idan ya ƙetare layin, ko zafin ya koma zogi mai hana barci, ko mugunya ta fara fita da wari, ko kika ga wani layi yana tafiya daga raunin zuwa sama, ko zafin jiki ya kai 38, to kada ki kwana ba ki kai shi asibiti ba. A fata mai duhu ba kullum ake ganin jan ba, sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa, don haka ki riƙa gwada ƙafar da 'yar'uwarta, da ido da kuma bayan hannu.

Ragowar maganin nan kuwa ki ajiye shi. An rubuta shi ne don babba kuma don wata cuta dabam, ba lallai ne ya dace da ƙwayoyin da ke kama fata ba, kuma shan guntun magani yana cikin abubuwan da ke koya wa ƙwayoyin cuta jure masa.

Wani malami mai koyar da ilimin cututtuka:

Malama ta gama magana a kan abin da ya kamata a yi, ni ɗan ƙari kawai zan yi a kan fahimta, domin ruɗanin da Malam ya shiga tsohon ruɗani ne. Tun a ƙarni na farko miladiyya wani marubuci Barume mai suna Selsus ya lissafa alamu huɗu na wannan hali: ja, kumburi, ɗumi da zafi. Daga baya aka ƙara ta biyar, wato gazawar gaɓa wajen yin aikinta, wadda ɗingishin yaron nan yake nunawa. An daɗe ana ɗaukar alamun a matsayin ita cutar, kafin a gane cewa martani ne.

Mukan koya wa ɗalibai su yi wa kowace cuta tambaya uku: mene ne musabbabinta, ta wace hanya take ɓarna, kuma me ya sauya a jiki? Musabbabi yana iya zama ƙarfe ko wuta, ko ƙwayar cuta, ko guba, ko ƙarancin iskar da jini ke kaiwa, ko gado. Amma duk inda aka faro, ɓarnar a kan ƙwayar halitta take sauka, kamar yadda likitan Jamus Rudolf Virchow ya kafa a 1858. Idan matsin ɗan kaɗan ne kuma ya daɗe, sai ƙwayoyin su saba da shi, kamar kantar da ke fitowa a tafin mai aikin ƙarfi. Idan ya ɗan fi haka, sai su jigata amma su farfaɗo da zarar an ɗauke musu. Idan kuwa ya wuce iyaka, sai su mutu, kuma mutuwarsu ce ke tayar da kumburi ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Wanda ya taɓa yin targaɗe shaida ne: fata ba ta tsage ba, amma idon sawu ya cika fam.

Ba ina cewa kumburi alheri ne a kowane hali ba. Wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya ɗauki watanni, shi kansa ɓarna yake yi, kuma a wasu cututtukan gaɓoɓi garkuwar jiki ce ke afka wa mai ita. Amma na kwana biyu a gefen yanka wani abu ne dabam.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Malama da Malam, hankalina ya ɗan kwanta. Na zana layin. Sai dai yanzu yaron ya ce yana jin kaluluwa a matsematsinsa, na taɓa na ji ƙarama ce. Kuma ƙarfen yana da tsatsa, shin wannan yana da wani haɗari na dabam?

Ma'aikaciyar jinyar:

Gara da kika faɗi wannan, Maman yaro, domin ya sauya shawarata. Kaluluwa matattara ce da ke tace ruwan da ya taso daga ƙafa, takan ɗan tashi idan tana aiki, amma tunda ta bayyana, ya kamata wani ma'aikacin lafiya ya duba raunin da idonsa. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, wato tetanus, cutar da ake kira sarƙe-haƙora. Ba tsatsa ce ke kawo ta ba, ƙwayarta a cikin ƙasa da ƙura take zama, ƙarfen da ya daɗe a yashe kuwa yakan kwaso ta. Ba ta buƙatar rauni ya kumbura ko ya yi mugunya, kuma alamunta kan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 21. Ki duba katin rigakafinsa. Idan allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, ga rauni mai datti, ƙa'ida ita ce a ƙara masa, don haka ki kai shi yau.

Kafin nan, ruwa mai tsabta ya wadatar wajen wanki. Kada a riƙa zuba wa raunin sinadarai masu raɗaɗi kullum, suna kashe sabon naman da ke tsirowa. A rufe shi da bandeji mai tsabta maimakon a bar shi ya bushe ƙayau. Idan ana son rage masa zafi a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, ban da asfirin ga yaro mai irin shekarunsa. Nan da 'yan kwanaki za ki ga jan nama mai ɗan gudaji-gudaji a cikin raunin, kada ya tsorata ki, sababbin jijiyoyin jini ne. Ƙaiƙayi zai biyo baya, a hana shi ɓamɓare ɓawon. Tabon zai ci gaba da sauya kama har shekara guda ko fiye, kuma ko ya gama bai wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali ba.

Magidancin:

Na karɓi gyara, Malama, Allah ya ƙara sani. Ni dai tun tasowata na ɗauka duk kumburi cuta ce.

Mai tambaya:

Mun dawo daga asibiti. Katin ya nuna rabonsa da allurar tun yana jariri, don haka an yi masa. Likita ta sake wanke raunin, ta ciro wani ɗan tsakuwa da ban gani ba, ta ce bai kai a ba shi antibayotik ba tukuna, amma mu koma jibi, ko kafin nan idan kumburin ya ƙetare layin. Zuwa yammacin nan dai yana nan cikin iyakarsa.