Takardar haihuwa ce za ta hana manya shiga gasar yara? Muhawarar iyaye a zauren unguwa

Sakataren gasa:
Assalamu alaikum iyayenmu da kociyoyi. Kamar yadda muka yi alkawari bayan wasan ƙarshe, mun zauna mun karanta duk fom ɗin da kuka cike kuka dawo mana da su. Koke ya yi yawa, akwai na ruwan sha, akwai na wasannin da ke cin lokacin Islamiyya, akwai na fasassun kwalabe a fili, amma abin da ya fi fitowa shi ne maganar shekaru, wai ana sako manya a rukunin 'yan ƙasa da 13. Shawarar da wasu 'yan kwamiti suka kawo ita ce daga kaka mai zuwa duk yaron da bai kawo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, ba zai buga ba, ko ɗan waye. Ba mu yanke ba tukuna, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Baban gola:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma ban ga abin tsayawa muhawara ba. Kowa a nan ya san abin da ya sami yarona a wasan kusa da na ƙarshe, ya fito kama ƙwallo wani ya hau shi da gwiwa, ƙashin wuyansa ya tsage, sati shida yaron nan yana ɗaure bai je makaranta ba, uwarsa ba ta barci, kuma wallahi wanda ya buge shi muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsiro masa, amma a takardar ƙungiyarsu an rubuta shekara 12. Ban riƙe yaron a zuciya ba, ba da gangan ya yi ba, nauyin jikinsa ne kawai ya fi ƙarfin ƙaramin yaro. Waɗanda suka sa shi a wasan nake tuhuma. A kawo takarda ko a zauna a benci.

Maman 'yan biyu:
Allah ya ƙara masa lafiya Alhaji. Ni ma ina tare da kai, don nawa tun ranar suka fara cewa ciki na ciwo duk ranar wasa, ashe tsoro ne. Yaro in ya san ƙato zai kara da shi ba ya koyon ƙwallo, koyon gudu yake.

Kocin 'yan bakin kasuwa:
Alhaji wallahi ranar ni ma ban ji daɗi ba, ina cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa mota. Amma dan Allah a tsaya a duba wa wannan doka za ta kora. Yaran da nake horarwa kusan rabinsu almajirai ne, iyayensu suna ƙauye, wasu a Jigawa wasu a Katsina, akwai ma wanda daga wajen Maraɗi aka kawo shi, a gida aka haife su a hannun ungozoma, babu wanda ya taɓa yi musu rajista. Sauran kuma 'ya'yan 'yan dako ne da masu tura baro. In aka ce sai satifiket to ƙungiyata ta mutu, kuma ba don sun yi ƙarya ba, don dai ba su da takarda. Mai ƙaryar kuma shi ne zai fi kowa saurin kawo takarda mai kyau da hatimi.

Baban gola:
Koci ai ba kuɗi ne mai yawa ba, kuma ofishin yana nan a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda ya damu da ɗansa ya je ya karɓo.

Kocin 'yan bakin kasuwa:
Wa zai je Alhaji? Uban da sau ɗaya yake ganin yaron a shekara, lokacin da ya koma gida noma da damina?

Tsohon ɗan wasa:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ban cika faɗa ba. Ni da kaina na taɓa buga gasar 'yan ƙasa da 16 ina da shekara 19, kuma da takarda a hannuna, ba wanda ya tsayar da ni. Babbanmu ne ya tara mu ya ce kowa ya cire uku, aka je aka yo takardar rantsuwar shekaru, shi ke nan. A lokacin murna muke, muna ganin wayo ne, sai daga baya na gane yaran da muka danne a gasar nan, masu shekarun gaskiya, yawancinsu sun bar ƙwallo don sun ɗauka ba su iya ba, alhali ƙarfi kawai muka fi su. Wannan abin yana damuna har yau.

Kuma ba a unguwa abin ya tsaya ba. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, har muka rasa karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Duk waɗannan da fasfo suka tafi fa, takardar gwamnati. Da FIFA ta ga takarda ba ta isa ba ne ta kawo gwajin MRI, wato ɗaukar hoton ƙashi da na'ura don gane shekaru, a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda mu muka karɓi baƙunci har aka buga wasanni a nan Kano, a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. A 2016, shekara ɗaya bayan su Osimhen sun ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a Chile, yaranmu 26 suka faɗi gwajin nan ana dab da wasan share fage da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Kamaru ma wajen shigowar 2023 yara 21 cikin 30 suka faɗi. To in hukumar ƙwallon ƙasa guda ba ta iya dogara da takarda ba, mu kwamitin unguwa ne za mu iya?

Maman 'yan biyu:
To a yi musu MRI ɗin mana, iyaye mu haɗa kuɗi.

Anti nas:
Hajiya ba zai yi mana amfani ba ko da muna da kuɗin. Abin da na'urar ke dubawa wuyan hannu ne, akwai wani wuri a ƙarshen ƙashin da yake nan a buɗe muddin yaro na girma, in ya haɗe gaba ɗaya to kusan tabbas yaron ya haura 17. Ɗan shekara 12 da ɗan shekara 15 duk nasu a buɗe yake, ba za ta raba mana su yadda muke so ba. Sannan ina so in ja hankalinmu kan yanke hukunci da ido. Alhaji ban ce wanda ya buge ɗanka ƙarami ba ne, ban san shi ba, amma a wurin aiki kullum muna ganin yara biyu shekarunsu ɗaya, ɗaya ya balaga da wuri ya yi tsawo ya yi ƙirji, ɗayan kamar ɗan aji huɗu, musamman in abinci bai wadace shi ba tun yana ƙarami. In muka ce duk mai gashin baki babba ne za mu zalunci wani, in muka ce duk ɗan tsurut yaro ne za a ci gaba da yaudararmu, don akwai 'yan 16 da ba su da jiki.

Abin da na fi yarda da shi katin rigakafi ne, wanda ake ba uwa ranar allurar farko. An rubuta ranar haihuwa tun yaro yana zanin goyo, lokacin babu wanda ke tunanin ƙwallo balle ya rage. Iyaye mata da yawa suna ajiye shi a ƙasan akwati ko sun manta.

Hedimasta:
Na ƙara a kan maganar Sista. Rajistar shiga aji ɗaya ta firamare ita ma haka take, tsohon rubutu ne, an yi shi shekaru shida ko bakwai da suka wuce, ba a yi shi don gasa ba. Ko ba a rubuta ranar daidai ba, shekarar da yaro ya shiga makaranta ba ta ɓuya. Yaron da ya gama JSS 3 bara ba zai zo ya ce mana shi ɗan 12 ba ne. Ni a shirye nake in buɗe littafin makarantarmu ga kwamiti, kuma zan yi wa takwarorina magana.

Kocin 'yan bakin kasuwa:
Madalla Malam, amma har yanzu almajiraina ba su da ko ɗaya cikin ukun nan.

Alaramma:
Salamu alaikum. Yaro ne ya karanta min abin da ake tattaunawa, na ce a rubuta min amsa. Yaran da Koci ke magana, biyar daga cikinsu almajiraina ne. Ba ni da takardar gwamnati a kansu amma na san shekarar da aka kawo min kowannensu, na san ko ya yi kaciya kafin ya zo ko a hannuna aka yi, na san iyayensu da garuruwansu kuma ina da lambar wayarsu. In kwamiti na so zan zo gaban mai unguwa in faɗi shekarun kowa bakin abin da na sani, wanda na yi shakka zan ce ina shakka. Ba zan sayar da mutuncina saboda kofi ba. Roƙona ɗaya, a mayar da wasanni Alhamis da Juma'a da yamma tunda ranakun hutun makaranta ne, mu da 'yan Islamiyya duka, ba na son yaro ya bar allo ya tafi fili.

Baban gola:
Allah ya gafarta Malam, maganarka abin girmamawa ce kuma na yarda da kai. Amma ba kowane mai kawo yara ne kamar kai ba. In aka buɗe ƙofar shaidar baki, gobe kowane koci zai ɗauko wani dattijo ya zo ya rantse masa. Takarda ko da ana ƙirƙirarta, aƙalla akwai abin riƙewa a hannu.

Tsohon ɗan wasa:
Alhaji rantsuwa a gaban mai unguwa da limami da maƙwabta ba ɗaya take da takardar da aka yo a ɓoye ba. A unguwa an san juna, matan layi sun san wanda aka haifa shekarar da aka haifi nasu, sun ci sunan. Ni da a ce a gaban mutanen layinmu aka tambaye ni shekaruna a wancan lokacin da ban iya buɗe baki na ce 16 ba. A liƙa sunaye da hotuna da shekaru a ƙofar gidan mai unguwa sati biyu kafin a fara, duk mai ƙorafi ya kawo. Kuma littafin ya zauna, kar a sake sabo duk shekara, yaron da aka rubuta 12 bana baɗi 13 ne, ba zai dawwama a 12 ba kamar yadda muke gani.

Wata uwa daga layin masallaci:
Ni duk ba a taɓo inda ke min ƙaiƙayi ba. Me ya sa koci zai sako babba tun farko? Saboda kyautar kuɗin da ake ba wanda ya ci kofi, kuma kowa ya san ba hannun yara take zuwa ba. Shekarun da ake ba da jesi da ƙwallo da littattafai ba mu ji wannan rigimar ba. A cire kuɗi daga rukunin ƙanana a gani.

Alhaji mai ɗaukar nauyi:
Hajiya maganar nan ta taɓa ni, don ni ne ke ba da kuɗin kuma Allah ya sani don ƙarfafa gwiwa na fara. Ban taɓa kawo wa raina cewa shi ke jawo wannan ba. Amma na tuna bara wani koci ya kira ni tun kafin a fara gasa yana tambayar nawa za a bayar, bai tambayi ranar farawa ba. In iyaye sun amince, bana kuɗin rukunin 'yan ƙasa da 13 zan sayi but da abin kare ƙwauri da ƙwallo lamba 4 da ta dace da ƙafarsu, a raba wa duk ƙungiyoyi, sauran a ajiye akwatin taimakon gaggawa da ruwa a bakin fili.

Kocin 'yan bakin kasuwa:
Wasu kociyoyin za su janye Alhaji, ina faɗa maka tun yanzu. Da kuɗin nan suke biyan mota da sabulun wankin jesi, ba duka ne ke cinyewa ba.

Wata uwa daga layin masallaci:
To a ware kuɗin mota a ba kowace ƙungiya daidai, ko ta ci ko ba ta ci ba.

Baban gola:
Na ji duka, kuma maganar katin rigakafi da rajistar makaranta ta shige ni. Amma ni sharaɗina ɗaya ne kafin yarona ya sake tsayawa a raga: a rubuta hukunci. Kocin da aka kama ya sako babba a kwashe makin ƙungiyarsa a dakatar da shi, shi kocin, ba yaron ba. In babu wannan a rubuce da sa hannun kowa, duk abin da muka faɗa a nan zance ne. Kuma har yanzu ina ganin wanda zai iya samo takardar haihuwa ya samo, ko ba don ƙwallo ba zai buƙace ta wajen NIN da jarrabawa.

Anti nas:
Wannan gaskiya ne Alhaji. Zan tambaya a wurin aikinmu ko ma'aikacin rajistar haihuwa zai iya zuwa fili rana guda ya yi wa waɗanda ba su da ita, Alaramma sai ka taimaka da kiran iyayen.

Sakataren gasa:
Na rubuta duka. Zama ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, kowane koci ya zo da jerin yaransa da duk takardar da ke akwai, ko kati ne ko shaidar makaranta. Hedimasta dan Allah a taho da littafin. Alhaji Baban gola kai za ka rubuto mana daftarin hukuncin tunda kai ka kawo shi.

Baban gola:
Zan kawo in sha Allah. Da yaron zan zo, yana so ya gaisa da wanda suka yi karon.