Wa ya taɓa ƙera jarumin wasa daga sarakunan Masar? Nawa dai ya kashe mana zama

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne muke buga Dungeons & Dragons duk Asabar bayan la'asar a zauren gidan wani abokinmu. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na baki da takarda: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa da jaruminsa, in za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska 20. Mu ba mu ma da dayis ɗin. Takardu muka yanka, muka rubuta 1 zuwa 20, muka zuba a tsohuwar hula, kowa ya sa hannu ya zaro rabonsa.

Da aka fara sabon labari sai na ce ni ba zan ɗauki jarumin da aka riga aka tsara ba, nawa zan ƙera. Na ɗauko Ramsis na Biyu, tunda na ji an ce ya shekara 66 a kan mulki kuma ya bar 'ya'ya kusan ɗari. Na ba shi maki 20 a ƙarfi, 20 a kwarjini, sauran duk 18. Na ba shi keken doki, da zaki mai bin sa, da takobin nan nasu mai lanƙwasa kamar lauje. Na ƙara masa ikon kiran guguwar rairayi sau uku a rana. Zama biyu kacal muka yi. Duk dodon da ya fito, kafin kowa ya sa hannu a hula na gama da shi. A zama na biyu na ɗaga kai na ga mutum uku suna latsa waya, ɗaya ya fita sayo awara bai dawo ba. Mai jan labarinmu ya kira ni gefe ya ce ko in gyara shi ko in binne shi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ba Ramsis ka ƙera ba, Ramsis ɗin da shi kansa ya sa aka sassaƙa a bango ka ƙera. Ka koma ka karanta yaƙin Kadesh, wajen shekara ta 1274 kafin miladiyya, shekararsa ta biyar a kan karaga. Ya nufi Siriya da runduna huɗu. A hanya aka kawo masa wasu makiyaya biyu suka ce masa sarkin Hittiyawa, abokan gabarsa, yana can nesa wajen Halab, tsoro ya hana shi matsowa. Ashe turo su aka yi. Mutumin yana laɓe a bayan garin Kadesh da kekunan yaƙinsa. Ramsis ya haɗiye zancen, ya yi gaba da runduna ɗaya ya kafa sansani, aka faɗa wa ta biyun a kan hanya aka watsa ta. Da ƙyar ya sha, kuma garin bai ci shi ba. Amma da ya dawo gida sai ya sa aka rubuta a Karnak da Luksor da Abu Simbel cewa shi kaɗai ya kori dubbai.

Ni da na yi nawa Ramsis ɗin, a nan na kama shi. Duk lokacin da wani ya yi masa ƙarya mai daɗin ji, sai ya jefa dayis sau biyu ya ɗauki ƙaramin. Ga kuma ikon da na ba shi a madadi: bayan kowane faɗa, ko an ci su ko sun ci, zai iya tsayawa a kasuwa ya ba da labarin yadda yake so, in dayis ya ba shi sai garin duka su yarda. Wata rana 'yan fashi suka kore mu har ɗayanmu ya bar takalminsa, muka shiga gari ana yi mana guɗa. Har yau in wani a cikinmu ya cika baki sai a ce masa Kadesh.

'Yar Damagaram:
Ni Hatshefsut na yi, kuma ita ce jarumar da na fi daɗewa da ita, wata takwas. Abin da ya fara jan hankalina shi ne labarin gidan, don kamar a unguwarmu aka yi shi. 'Yar sarki ce, matar sarki, mijin ya rasu ba ta haifa masa namiji ba. Wanda ya gaji sarauta yaro ne ƙarami, Tutmos na Uku, ɗan kishiyarta. Aka ce ta riƙe masa. Riƙon ƙwarya ya yi ta tafiya har ta naɗa kanta sarki sosai, ana sassaƙa ta da gemun roƙo irin na sarakuna da tufafin maza. Ta yi sama da shekara 20, daga wajen 1479 zuwa 1458 kafin miladiyya.

Da farko na yi kuskure irin naka, ɗan'uwa, sai dai ta wata fuska. Na sa mata ikon tsinuwa, da macizai, da tashin matattu, duk tarkacen da ake liƙa wa Masar a gem. Wasa uku na ji ba ta da ɗanɗano, ko wace sarauniya ce za ta iya zama ita. Sai na zauna na duba me ta yi alfahari da shi da kanta. Fatauci ne da gini. Ta aika jiragen ruwa ta Bahar Maliya zuwa ƙasar Funt, suka dawo da zinariya, hauren giwa, birai, da itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna. Hoton yana nan a bangon ginin da ta yi a Dairul Bahari. A Karnak kuma dogon ginshiƙinta na dutse guda, wanda aka yanko daga Aswan, yana tsaye har yau, ya kusa mita 30.

Don haka na kwashe mata makamai. Ƙarfinta 8 ne, ko ƙofa ba ta iya ɓallewa. Amma duk garin da muka shiga tana iya ƙulla ciniki, kuma in ta tara dukiya ta gina wani abu da sunanta a jiki, sai ta sami ƙarin maki. Rauninta kuwa daga tarihi na ɗauko shi kai tsaye. Wajen shekara 20 bayan mutuwarta aka bi gine-ginenta ana kankare sunanta da hotonta, kuma jerin sarakunan da aka rubuta a Abidos daga baya ya tsallake ta kamar ba a yi ta ba. Su kuwa mutanen a wurinsu suna wani yanki ne na mutum, in ya ɓace ka ɓace. Sai muka yi doka: tana da sunaye bakwai a rubuce a wurare bakwai, duk wanda abokan gaba suka kankare, wani ikonta ya tafi. Mai jan labarinmu mugu ne. Ya bari sai muna tsakiyar faɗa a wani kogo, ya ce mini cikin sanyin murya, “Yaya, kin ji kamar an manta da ke.” Na duba takardata, na ɗauki biro na soke layi ɗaya da hannuna. Ranar ba wanda ya taɓa waya. Daga nan duk tawagar ta koma gadin duwatsu, maza huɗu masu takubba suna gudu daga gari zuwa gari don kada a goge sunan mace.

Ɗan Kurna:
Kai, wannan dokar ta sunaye bakwai ta yi. Amma ba ta zama ita ce tauraruwar wasan ba, sauran suka koma 'yan rakiya? Ai matsalata ke nan.

'Yar Damagaram:
A'a, don ba ta iya kare kanta. Naka ba ya bukatar kowa, tawa kuwa in babu su ta mutu tun zaman farko. Kuma an kai wani wuri da suka gaji suka ce sai dai ta biya su, muka yi rabin awa ana ciniki.

Ɗalibin Azhar:
Ni matsalar da na samu ba ta maki ba ce. Na zo hutu gida, ƙannena suka ce in ja musu wasa, na zana musu jarumi a kwali na rubuta Fir'auna a ƙasa. Hajiyarmu ta shigo da tsintsiya ta gani. Ta ce, “Duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka koya wa yara sai wanda ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka?” Na fara bayani cewa kalmar laƙabin sarauta ce, asalinta a harshensu babban gida take nufi, kamar yadda mu za mu ce fada ta ce kaza, kuma sarakunan sun fi ɗari a tsawon shekara dubu uku. Na ce mata ko a Suratu Yusuf sarki aka kira shi, ba a ce Fir'auna ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce to ka rubuta sarki. Na goge na rubuta sarkin Masar, magana ta mutu.

Daga baya na ga tana da gaskiya ta wata fuskar. A kunnen Bahaushe sunan nan ba ya zuwa shi kaɗai, da kayansa yake zuwa. Tun daga ranar nake cire duk wani abu na bautar gumakansu daga ikon jarumi. In ana bukatar abin mamaki sai in jingina shi da kaya: zobe, sanda, wuƙa. Wasu abokaina suna ganin tsanani ne tunda wasa ne, ni dai haka hankalina ya fi kwanciya.

Abu na biyu, na je gidan tarihin Fustat a Alƙahira inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Na tsaya a kan Ramsis ɗin naka. Tsoho ne tukuf, ƙanƙararre, da dogon hanci da ɗan guntun gashi a gefen kai. Wanda ya gan shi haka zai yi wuya ya ba shi 20 a ƙarfi.

Bakatsine:
Gaisuwa ga Hajiya, ta fi mu iya gyaran jarumi.

Mai Shayin Layi:
Ni Tutankamun na yi saboda ina son in ba mutane haushi. Kowa ya zaci zan zo da tsinuwar kabari. Tsinuwar nan 'yan jarida ne suka hura ta bayan an buɗe kabarin a 1922, da attajirin da ya ɗauki nauyin haƙar ya mutu a 1923 sanadin cizon sauro da ya rikiɗe. Howard Carter da ya buɗe da hannunsa ya kai har 1939. Nawa yaro ne mai ɗingishi, tunda an sami sanduna wajen 130 a kabarinsa kuma bai wuce shekara 19 ba ya mutu. Tafiyarsa rabin ta kowa. Makaminsa ɗaya tak, wuƙar nan da aka samu a jikin gawarsa, wadda aka gano ƙarfenta daga dutsen da ya faɗo daga sama ne. Ita kaɗai ke kama aljanun labarinmu. Sai ya zama dole a goya shi zuwa bakin daga. Wanda yake goyon ya yi ta mita har muka gama.

Ɗan Kosti:
Ina karanta ku daga Sudan, ku yi haƙuri da Hausata, ta cakuɗe da Larabci. Duk kun tsaya a arewa, ba wanda ya tuna da namu. Akwai lokacin da sarakunan Kush, daga nan ƙasar, suka mulki Masar duka. Ni Taharka na ɗauka, wanda ya yi sarauta daga 690 zuwa 664 kafin miladiyya. A goshinsu macizai biyu suke sawa maimakon ɗaya, alamar ƙasa biyu. Tun kafin yaƙin nan na Sudan ya ɓarke mun je Karima da 'yan makarantarmu, muka hau Jabal Barkal, muka haye kogi zuwa Nuri inda dalarsa take. Ta zube sosai, kamar tulin ƙasa, amma ita ce mafi girma a wurin.

A cikin kabarinsa an sami 'yan mutum-mutumi fiye da dubu, waɗanda ake binne su da mamaci don in an kira shi aiki a lahirarsu su amsa a madadinsa. Su na mayar ikonsa, kuma a nan na yi ɓarna. Na ce zai iya kiran goma a lokaci guda. Kowane ɗaya sai an jefa masa dayis. Zagaye ɗaya na faɗa ya ɗauki minti ashirin, ni kaɗai nake ta jifa, sauran suna hamma. Muka gyara: ba sa faɗa sam, aiki kawai suke yi kamar yadda aka yi su dominsa. Su haƙa rami, su ɗauki kaya, su tare ruwa. Kuma duk wanda aka kira ya farfashe, ba ya dawowa. Na ba shi 40 a jaka. Da suka rage 6 na koma marowaci, ko gada ake so sai in ce a nemi wata hanya.

Rauninsa kuma Assuriyawa, mayaƙan wata daula daga yankin Iraki ta yau. Sun ƙwace masa birnin Mamfis a 671 kafin miladiyya, ya dawo ya karɓe, suka sake zuwa, ya ja da baya zuwa kudu ya mutu a can. Sai muka sa duk garin da ya ci, bayan zama uku sai a jefa dayis a ga ko yana nan a hannunsa.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da na yi daren jiya da aka ɗauke wuta. Guguwar rairayi ta tafi. Ƙarfi ya sauko 13, kwarjini na bar shi 18. Na ɗauki dokar Bakatsine ta saurin yarda da ƙarya, da ta ba da labari a kasuwa. Na kuma mai da shi tsoho, wanda ya binne 'ya'yansa da yawa, tunda na ga wanda ya gaje shi, Marnafta, ɗansa na goma sha uku ne. A takarda na rubuta sarki, saboda mu ma akwai Hajiya a gidan da muke zama. Zakin ne kawai na kasa rabuwa da shi.

Bakatsine:
Bar zakin, ai yana cikin hoton sansanin Kadesh, kwance kusa da tantinsa. Amma ka sa sai an ciyar da shi akuya ɗaya kullum, kuma daga aljihunka.

Ɗan Kurna:
Na tura wa mai jan labarinmu. Ya ce akuya biyu.