Wai giyar ganga ta Ingila burukutun Turawa ce?

Daga zauren hirar 'yan Arewa mazauna Ingila, wani daren Asabar

Bitrus: Jama'a barkanmu da dare. Yau abokin aikina ya ja ni bikin giya a Kelham Island nan Sheffield. A ƙofa aka ba ni kofi, na shiga na tarar da ganguna jere a kan katako, masu zubawa duk 'yan sa-kai ne, yawancinsu furfura ta cinye gemu. Na kurɓi wadda suke kira real ale, wato giyar ganga, sai na tuna gida. Ku rubuta ku ajiye: wannan abu burukutu ce ta sa kwat. Ba sanyin firiji, ba gas, tana da rai a cikin ganga, in ta kwana uku ta lalace. To ina bambancin?

Danladi: Bitrus ƙanena, kofi nawa ka sha kafin wannan wahayin ya sauko maka?

Bitrus: Rabi-rabi guda uku kacal, Yaya. Da hankalina nake magana.

Danladi: To saurara. Shekara huɗu na yi ina kula da ɗakin ƙasa na wata mashaya a Derby. Giyar ganga daga sha'ir ake yin ta, a sa mata furen hop, shi ke kawo ɗaci da ƙamshi, shi kuma ke hana ta tsami da wuri. Tana zuwa mana ba ta gama nuna ba. Mu kwantar da gangar, mu huda ta, mu bar ta kwana ɗaya ko biyu yis ɗin, wato ƙwayoyin da ke tashe ta, ya ƙarasa aikinsa ya kwanta. Har wani sinadari da ake samu daga cikin kifi ake zubawa don ya janye gurɓin ƙasa. Ɗakin kuma dole ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13. Duk wannan wahala don ta fito garau, ka ɗaga kofi ka hango mutum ta ciki. Ka taɓa hango wani ta cikin ƙwaryar burukutu? Ita da kauri da tsami ake son ta. A nan kuwa in ka ji tsami, mayar da kofin ake yi a canza maka.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Don Allah zauren nan na kowa ne, akwai iyayenmu a ciki. Hirar giya ba wurinta ba ne nan.

Baba Ishaya: Malam Sani, ka yi mana haƙuri na daren yau. Ba wanda ya miƙa wa wani kofi, tarihin hatsi muke yi. In ta wuce gona da iri ni da kaina zan tsawatar.

Malam Sani: Tunda Baba ne ya faɗa, shi ke nan. Ni dai ɗan kallo ne.

Talatu: Yaya Danladi, ka yi bayanin ta Turawa tiryan-tiryan, tamu kuma ka sallame ta da kalma biyu. Kakata a wajen Pankshin da burukutu ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, kuma ni na yi mata iccen wuta. Dawa za a jiƙa, a baza a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa. Wannan tsiron ba shi ne abin da Bature ke yi wa sha'ir ɗinsa ba? A dama, a dafa, a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami, a sake dafawa, in ya huce a zuba masa ragowar na jiya ya tashe shi. Kusan mako guda ana abu ɗaya. Ranar sha kana jin tana huci a cikin tukunya. Jibi in ka dawo ta wuce, sai a zubar. Ba a kashe ta da zafi don ta daɗe, ba a ɗura mata iska. Abin da Bitrus ke nufi ke nan, kuma yana da gaskiya.

Danladi: A nan ban musa miki ba. Amma ai fura ma daga gero take, kunu ma daga gero, ba wanda ya ce abu ɗaya ne.

Talatu: Uwarsu ɗaya dai. In tacewa ce damuwarka, ga fito nan, an tace shi. Mutanen arewacin Ghana shi suka fi sha, Kamaru suna da bilbil, Burkina suna da dolo.

Joshua: Ni fa duk wannan musun a kan giyar tsofaffi kuke yi. Sau ɗaya na gwada ta ganga a Landan, ɗumi-ɗumi, ba kumfa, kamar shayin da aka manta da shi. Ku zo unguwar Bermondsey a Landan ranar Asabar ku ga ƙananan masana'antu a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, giya mai sanyi mai ƙamshin mangwaro. Tun da masana'antar giya ta BrewDog ta fara a Sikotilan a 2007 aka bar ta ganga a baya.

Danladi: Ɗana, wadda ka sha ta kwana ne. Ganga ƙarama galan 9 ce, kofi 72. In mashaya ba ta da masu shan ta, ba za ta ƙare cikin kwana uku ba, sai maigida ya ci gaba da sayar da gawa don kada ya yi asara. Laifin mai ɗakin ƙasa ne. Batun kumfa kuma, a kudancin Ingila ba sa sa ɗan murfin nan mai ƙofofi a bakin famfo, ka hau Yorkshire ka ce a zuba maka Landlord ta Timothy Taylor ka ga kumfa kamar kindirmo. Su kuma jarumanka na kiraf, wato ƙananan masana'antun nan, ina suke? Camden Town ta sayar da kanta ga babban kamfanin AB InBev a 2015, Beavertown tana hannun Heineken. Kana biyan kuɗi ninki kana tsammanin ɗan unguwa kake taimako.

Joshua: Fuller's ɗinku mai giyar ganga ma ai Asahi ta Japan ta saye a 2019, Kawu.

Danladi: Wannan kam ka same ni.

Baba Ishaya: Bari tsoho ya sa baki. Na yi aiki a kamfanin giya a Kaduna lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Injiniyoyi suka rasa inda za su sa kansu, ƙarshe dai dawar nan da ake rainawa ita aka koma wa, har Guinness ta Najeriya. Abin da matan ƙauye suka sani tun kaka da kakanni shi aka shiga ɗakin gwaji ana koyo. Saboda haka zancen wai dawa ba ta kai sha'ir ba, ku bar shi.

Amma Bitrus, inda ka yi kuskure shi ne ka kalli ganga ba ka kalli mutanen da ke bayanta ba. Ta Turawan ma saura ƙiris ta mutu. A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida suka mamaye mashayu, suka cika su da giyar da aka tace aka kashe aka ɗura wa gas, irin su Watneys Red Barrel, don ta fi sauƙin ajiya. Samari huɗu ne suka je hutu Ailan a 1971, suka yi ta ƙorafi, suka kafa ƙungiyar da ta zama CAMRA, mai kare giyar ganga. Su suka ƙirƙiro sunan real ale ɗin ma. Suka fara buga littafin mashayu masu kyau, suka yi babban biki a Alexandra Palace da ke Landan a 1977. Daga baya a 2002 ministan kuɗi Gordon Brown ya rage wa ƙananan masu dafawa haraji, shi ya sa suka yaɗu, har da na su Joshua. Waɗancan masu furfurar da suka zuba maka yau, kyauta suke yi. Wa ya taɓa tsaya wa kakar Talatu haka?

Talatu: Baba, da girmanka, ko an kafa ƙungiya ba za ta yi ba. Kakata fasto ne ya fara hana ta cin jibi saboda sana'ar, tun kafin a yi zancen shari'a a Zamfara. Mu ma na coci kunyar abin muke ji. Ga kuma masu lalata ta da kansu, a ƙara mata ogogoro don ta yi saurin kama mutum. Na ga magidanta da ta cinye musu gona. Ina kare hikimar dafa ta, ban ce a yi mata biki ba.

Malam Sani: Ɗan kallo zai ce wani abu. Shekara tara ina tuƙa tasi a Birmingham. Duk sunan da za ku ba ta, ta ganga ko ta gwangwani, ni nake kwaso masu shan ta ƙarfe ɗayan dare, kuma amai iri ɗaya suke yi mini a mota.

Bitrus: Malam ka kashe mu da dariya. Ni dai ina nan kan bakata. Anti Talatu, in na samo dawa a shagon 'yan Afirka za ki dafa mana? Mu kai wa Yaya Danladi ya rufe ido ya ɗanɗana.

Danladi: Ko hancina ka toshe zan gane. Ku dafa dai, tun 1963 doka ta yarda mutum ya yi ta shansa a gida ba lasisi. Sayarwa ce sai da rajista, kada ka ce ban gaya maka ba.

Talatu: A wannan sanyin dawa za ta yi tsiro? Sai dai in kai za ka biya kuɗin hita na mako guda. Kuma tukunyar ƙasa fa?

Malam Sani: To tunda kun gama, mutum bakwai ba su turo kuɗin zauren taron Disamba ba, kuma Bitrus kana ciki.