Neman Shawara Kan Horar da Matasan Unguwarmu a Gombe

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu tana fama da zaizayar ƙasa, domin kowace damina kwarin yana ƙara matsowa kusa da gidaje. Masu ba da tallafin da muka tuntuɓa sun buƙaci taswirar wurin da rubutaccen tsarin aiki tare da kasafin kuɗi, alhali matasanmu, duk da himmarsu wajen aikin gayya, ba su iya shirya waɗannan takardu ba.

Don Allah, a Jami'ar Jihar Gombe ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, wane sashe ya kamata mu tunkara domin samun gajeren horo? Shin ana karɓar ƙungiyar da rajistarta ta ƙaramar hukuma ce kawai?